Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Mulkin Makarantu a Gundumar Prince Edward ta Amurka



Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka ce, me ya kai malamin Hausa ga zancen hukumar makarantu, balle ma ta wata ƙasa da ke bayan teku? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa gajeriya ce. Kowace shekara ana turo mana samari da 'yammata mu koya musu nahawu da adabi, sai mu tarar a cikinsu akwai wanda bai iya raba kalma da kalma a rubutu ba. Idan muka bi sawun abin, ba ma tsayawa sai a ajin farko na firamare. Idan kuma muka tsaya a ajin nan muka duba da kyau, sai mu ga laifin bai tsaya ga malamin da ke riƙe da alli ba, ya zarce zuwa wani ofis inda ake yanke shawarar ko za a sayi allin. To, wannan ofis shi ne abin maganata a yau. Na zaɓi in kawo labarin wata ƙaramar gunduma guda ɗaya, domin a ƙaramin wuri ne ake iya ganin kowane hannu da abin da ya taɓa.

Bari in fara da kalmar, tun da sana'ata ke nan. Gunduma a Hausa daga yanka take, watau a gundumo wani babban yanki daga jikin abu. Da Turawa suka zo ƙasar nan suka tarar hakimai na zaune a birni, garuruwansu kuwa warwatse nan da can, sai suka yanka ƙasa gunduma-gunduma, suka tura kowane hakimi ya zauna a tasa. A Amurka ma haka aka yanka ƙasa saboda sha'anin makarantu, sai dai su daga ƙasa abin ya taso. Tsarin mulkinsu bai ambaci ilmi ba ko sau ɗaya, saboda haka ilmi ya zama aikin jihohi, jihohi kuma suka bar yawancin aikin ga gundumomi. Wajen 1940 akwai irin waɗannan gundumomi fiye da 100,000, da yawansu ba su mallaki kome ba sai makaranta mai ɗaki ɗaya da malama ɗaya. An yi ta haɗe su, har yanzu suka koma kamar 13,000. Kuɗin da Gwamnatin Tarayya ke bayarwa bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Sauran daga jiha yake fitowa da kuma harajin gidaje da gonaki na mutanen gunduma.

Sa'ad da nake karatu a can, na taɓa bin wani maƙwabcina zuwa taron hukumar makarantu na garin da muke zaune. Da dare aka yi shi, a ɗakin cin abinci na wata makaranta. Na ga manomi da mai kanti da matar aure suna yi wa babban jami'in ilmi tambayoyi a kan kuɗin man motar ɗaukar yara, shi kuwa yana ta buɗe takardu yana ba da amsa, gumi na keto masa. Abin ya burge ni ƙwarai, na koma gida ina cewa lalle mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Sai daga baya, da na karanta tarihin Prince Edward, na gane cewa wannan karin magana yana da sharaɗi. Sai an tambaya tukuna, wane ne ake lissafawa a matsayin mai ɗakin?

Prince Edward gunduma ce a kudancin Jihar Virginia, ƙasar noman taba. Babban garinta Farmville. A zamanin da nake magana mutanenta wajen 15,000 ne, kusan rabinsu baƙar fata ne, jikokin bayi. Ina roƙon ku riƙe yadda aka tsara mulkin makarantunta, domin duk abin da zai biyo baya daga nan ya tsiro. Akwai hukumomi biyu. Ta farko ita ce Hukumar Makarantu, mai ɗaukar malamai, mai kula da gine-gine, mai tsara kasafin kuɗi. Amma a Virginia wannan hukuma ba ta da ikon aza haraji ko na kwabo. In ta gama lissafinta sai ta kai wa hukuma ta biyu, watau Majalisar Gunduma, wadda ita ce mai haraji da baitulmali. In majalisa ta ga dama ta bayar, in ba ta ga dama ba ta rage. Wuƙa tana hannun wani, nama yana hannun wani.

Sa'an nan, wa ke zaɓen su? Hukumar Makarantu ba zaɓenta ake yi ba a lokacin. Wani ɗan kwamiti ne ke naɗa ta, kwamitin kuma alƙalin yanki ne ke naɗa shi, alƙalin kuma majalisar dokokin jiha ce ke zaɓensa. Virginia ba ta yarda jama'a su zaɓi hukumomin makarantu da ƙuri'arsu ba sai a 1992, ita ce ta ƙarshe a duk jihohin Amurka. Majalisar Gunduma kuwa zaɓenta ake yi, amma tsarin mulkin jihar na 1902 ya sa harajin zaɓe da jarrabawar rajista, waɗanda aka ƙirƙiro musamman don a kori baƙar fata daga rumfar ƙuri'a, suka kuma kori talakawan Turawa da yawa tare da su. Ashe ke nan rabin mutanen gunduma suna biyan haraji, suna aika 'ya'yansu makaranta, amma ba su da baki a cikin hukumar da ke tafiyar da makarantar, ba su kuma da baki a cikin majalisar da ke riƙe da kuɗinta.

Ga abin da wannan tsari ya haifa. A 1939 aka gina wa baƙar fata makarantar sakandare a Farmville, aka sa mata sunan Robert Russa Moton, wani shahararren malami baƙar fata wanda ya tashi a yankin. An gina ta don yara 180. Kafin 1951 yaran sun haura 450. Ba ta da ɗakin motsa jiki, ba ta da ɗakin cin abinci. Iyaye suka yi ta zarya gaban hukuma shekara da shekaru, ana ce musu ana neman fili. Abin da aka yi musu kurum shi ne aka kafa rumfuna uku na katako, aka lulluɓe su da takarda mai kwalta, aka sa murhun gawayi a tsakiyar kowace. Baƙi masu wucewa a mota sukan ɗauka akurkin kaji ne. In ana ruwa yara su buɗe laima a cikin aji. In ana sanyi, na kusa da murhu ya gasu, na nesa ya ƙandare.

Ranar 23 ga Afrilu 1951 wata yarinya 'yar shekara 16, Barbara Johns, ta shirya da 'yan'uwanta ɗalibai aka yaudari shugaban makaranta ya fita cikin gari, aka tara yara a babban zaure, ta hau dandamali ta ce a fita, ba za a koma aji ba sai an yi alkawarin sabon gini. Suka yi mako biyu a waje. Abin lura a nan shi ne, yaran ba su fara da neman a haɗa su da Turawa ba. Gini suke nema, irin na makarantar Turawa da ke cikin garin. Da suka rubuta wa lauyoyin ƙungiyar NAACP, mai kare haƙƙin baƙar fata, sai Oliver Hill da Spottswood Robinson suka zo suka ce ƙungiyarsu ta daina shari'ar neman daidaita gini, ba za su karɓi ƙarar ba sai in iyaye sun yarda a ƙalubalanci wariyar kanta. Iyaye suka taru a coci suka yarda. A watan Mayu aka shigar da ƙara da sunan ɗalibai 117. Hukuma ta sallami shugaban makarantar, dangin Barbara kuma suka tura ta Alabama wajen baffanta don tsoron abin da zai same ta.

Yanzu ku dubi wani abin mamaki. Kuɗin da aka yi shekaru ana cewa babu, da aka ga sammaci sai ga shi ya fito. Kafin ƙarshen 1953 an gama sabuwar makarantar Moton, wadda ta ci dala wajen 800,000. Ashe ba talauci ne ya hana ginin ba tun farko. Majalisa ba ta ga wanda zai tuhume ta ba ne in ta ƙi. Amma an makara, domin ƙarar ta riga ta haɗu da wasu guda huɗu daga wasu wurare, ta zama shari'ar nan da duniya ta sani da sunan Brown, wadda Kotun Ƙoli ta yanke ranar 17 ga Mayu 1954, ta ce raba yara a makarantun gwamnati saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulki.

Ba zan tsaya a kan siyasar jiha ba. A taƙaice, Sanata Harry Byrd, wanda ke juya siyasar Virginia a lokacin, ya yi shelar a bijire, aka yi dokokin da suka ba gwamna ikon rufe duk makarantar da kotu ta ce a haɗa, aka kuwa rufe wasu a Norfolk da Charlottesville da gundumar Warren a 1958. A Janairun 1959 kotuna suka rushe dokokin, jiha ta sassauta, makarantun suka buɗe. Prince Edward kaɗai ta ƙi. Tun 1955 majalisarta ta riga ta koma ba Hukumar Makarantu kuɗi wata-wata, don ta iya tsuke bakin jaka duk ranar da ta so. Da kotun ɗaukaka ƙara ta ba da umurni a watan Mayu 1959 cewa a karɓi baƙar fata a makarantar Turawa a farkon zango mai zuwa, sai majalisa ta zauna a watan Yuni ta ƙi ware ko sisi don makarantu, ta kuma rage harajin dukiya da fiye da rabi.

Jama'a, ina so ku lura da dabarar. Ba wanda ya yi dokar rufe makaranta. Ba wanda ya tsaya a bakin ƙofa da bindiga, kamar yadda aka yi a wasu jihohin. Hukumar Makarantu tana nan, babban jami'in ilmi yana nan a ofis, gine-gine suna nan. Layi ɗaya kurum aka bari babu kome a cikin kasafin kuɗi. Kotu ta umurci Hukumar Makarantu, amma Hukumar Makarantu ba ta da kuɗi. Majalisa tana da kuɗi, amma ba ita aka umurta ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Aka sa kwaɗo a ƙofofi, aka kafa allunan hana shiga, haka makarantun suka zauna daga 1959 har 1964.

Su Turawan sun riga sun yi tanadi. Sun kafa gidauniya, suka buɗe makarantar kuɗi ta 'ya'yansu kaɗai, da fari a coci-coci da shaguna, daga baya a sabon gini. Daga 1960 jiha da gunduma suka riƙa ba iyaye tallafin kuɗin makaranta daga baitulmali, aka kuma yi wa mai ba gidauniyar gudummawa rangwamen haraji, har kotu ta tsayar da wannan a 1961. Watau kuɗin jama'a bai daina zuwa ilmi ba, hanya ya sake. Yaran baƙar fata kuwa, kamar 1,700, aka bar su a gida, tare da wasu 'ya'yan talakawan Turawa waɗanda ba a cika tunawa da su ba. Jiha ta riga ta soke dokar tilasta zuwa makaranta a 1959, saboda haka ba wanda ya karya doka don yaro ya zauna.

A nan akwai wani abu da ya kamata a faɗa don adalci. A 1960 aka matsa wa Hukumar Makarantu ta sayar wa gidauniyar ginin sakandaren Turawa da ke Farmville. Biyar daga cikin wakilanta shida suka ajiye aiki, suka ƙi sa hannu. Mutanen nan ba masu son a haɗa yara ba ne, Turawan garin ne kamar sauran. Amma sun ga cewa in aka sayar da ginin, an sayar da makarantar gwamnati ke nan har abada, su kuwa amanarta aka ba su. A ganina wannan shi ne kaɗai lokacin da wata hukuma a gundumar ta tuna abin da aka kafa ta dominsa. Sai dai murabus ba ya buɗe aji. An naɗa wasu a madadinsu, kwaɗo ya zauna inda yake.

Me ya sami yaran? Masu dangi a wata gunduma suka tura 'ya'yansu can, wasu iyayen har suka riƙa nuna gidan da ba a cikinsa suke kwana ba don a karɓi yaro a makarantar maƙwabta. Kwalejin Kittrell ta Jihar North Carolina ta karɓi wasu manyan ɗalibai. Ƙungiyar agaji ta mabiya ɗariƙar Quaker ta rarraba wasu a gidajen mutane a jihohin arewa, yaro ya rabu da uwarsa shekara guda ko fiye. Limamin cocin Baptis na baƙar fata a Farmville, L. Francis Griffin, wanda ya zama jagoran gwagwarmayar, ya shirya wuraren koyo a coci-coci don kada yara su manta abin da suka sani. Amma mafi yawa ba su sami kome ba, suka shiga gonar taba. Malamai ma suka watse neman abinci, ƙwararrun cikinsu da yawa ba su dawo ba.

Mu da muke koyar da harshe mun fi kowa sanin nauyin wannan. Akwai shekarun da yaro ke kama karatu da sauƙi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ke da shekara 6 a 1959, in ba a yi masa wata dabara ba, bai ga allo ba sai yana da 10 ko 11. Wanda ke da 13 kuwa ya zama saurayi, kunya ba za ta bar shi ya zauna da ƙanana ba. Masu bincike daga Jami'ar Jihar Michigan, ƙarƙashin Robert Green, sun je sun gwada yaran a 1963, suka tarar da tazara mai yawa tsakanin waɗanda suka sami wani karatu a waje da waɗanda ba su samu ba. Da aka buɗe makarantun sa kai a watan Satumba na shekarar, da kuɗin gudummawa wajen dala miliyan ɗaya da goyon bayan gwamnatin Kennedy, malamai sun karɓi yaran da ba su san yadda ake riƙe fensir ba. Tilas shugaban makarantun, Neil Sullivan, ya watsar da tsarin aji-aji, ya tara yara bisa ga abin da kowa ya iya.

A ƙarshen 1963 babbar kotun Virginia ta ce tsarin mulkin jiha bai tilasta wa gunduma ta buɗe makaranta ba. Sai ranar 25 ga Mayu 1964 Kotun Ƙoli ta Amurka, ta bakin Mai Shari'a Hugo Black, ta yanke cewa ba za a rufe makarantun gunduma ɗaya don gudun haɗa yara ba alhali na sauran jihar suna buɗe. Ta kuma ƙara da abin da ya fi muhimmanci ga zancenmu, watau alƙali yana da ikon ya umurci Majalisar Gunduma ta aza haraji ta ba makarantu. Shekara goma bayan shari'ar Brown, sai a ranar nan kotu ta kama gugan.

Kada ku zaci majalisa ta tuba. Ta ware wa makarantun gwamnati dala 189,000, ta ware wa tallafin makarantar kuɗi dala 375,000. Da ta ji kotu na shirin hana biyan tallafin, sai a wani dare na farkon watan Agusta aka bi iyaye ta wayar tarho, aka tara su tun kafin asuba, aka raba musu cak na dala wajen 180,000, banki na buɗewa suka karɓe. A 1966 kotun ɗaukaka ƙara ta sami 'yan majalisar da laifin raina kotu, ta ce a maido da kuɗin. Makarantu dai sun buɗe a Satumban 1964 da yara kamar 1,500, Turawa a cikinsu ba su kai goma ba. Saboda haka buɗewar ba ta kawo ƙarshen matsala ba. An sami makarantar da masu riƙe da baitulmalinta ba su da ɗa ko jika a cikinta, ba abin da ke gabansu sai yadda za a rage haraji. Shekarun da suka biyo baya na ƙunci ne, har ɗalibai suka sake yin bore a 1969.

To, me ya juya al'amarin? Ni dai abubuwa uku na gani, ba kuwa nauyinsu ɗaya ba. Na farko ƙuri'a: dokar haƙƙin zaɓe ta 1965, da hukuncin 1966 wanda ya kashe harajin zaɓe a Virginia, suka sa ɗan majalisa ya fara lissafi da iyayen da a da ba ya ganinsu. Na biyu, jiha ta ɗaure gundumomi. An maido da dokar tilasta zuwa makaranta a 1968, kotu ta haramta tallafin makarantun wariya a 1969, sabon tsarin mulkin jiha na 1971 kuma ya wajabta makarantun kyauta, ya kafa ma'aunin inganci, ya ce tilas kowace gunduma ta biya rabonta. Ƙofar da majalisa ta bi a 1959 an toshe ta ke nan.

Na uku shi ne wanda na fi so ku yi tunani a kansa, domin ba doka ba ce, mutum ne da haƙuri. A 1972 aka naɗa James Anderson babban jami'in ilmi, ya zauna a kujerar shekara 25, har 1997. Bai zo da wani sihiri ba. Ya nemo malamai, ya ƙarfafa karatun manyan azuzuwa, ya ƙulla zumunci da kwalejoji biyu da ke cikin gundumar, Longwood da Hampden-Sydney, waɗanda malamansu suna cikin Turawan farko da suka kawo 'ya'yansu makarantar gwamnati. Sannu a hankali wasu suka biyo, musamman da kuɗin makarantar gidauniya ya yi wa talaka nauyi. Kafin ya bar aiki, 'ya'yan Turawa sun kai wajen kashi 40 cikin 100 na ɗalibai. Kowane yaro da ya dawo ya dawo da uba mai ƙuri'a, mai sanin ɗan majalisa, mai jin haushi in rufi ya yi yoyo. Ana yawan auna makaranta da sakamakon jarrabawa, ba na kuwa raina wannan. Amma in aka ce in auna hukumar ilmi da tambaya ɗaya, zan tambaya ne ina 'ya'yan wakilanta suke karatu.

Na ga wasu suna murmushi, na san inda hankalinku ya tafi. Ba na so in matsa kwatancin fiye da ƙima, domin mu ba mu da wariyar launi, ba kuma wata ƙaramar hukuma a ƙasar nan da ta taɓa rufe makarantu don ƙiyayya ga wasu yara. Amma ƙirar injin iri ɗaya ce. Tun daga makarantun En'e, zuwa hukumomin ilmi na ƙananan hukumomi, zuwa shirin ilmin firamare kyauta na 1976, zuwa dokar ilmin bai ɗaya ta 2004, kullum mai kula da aji daban yake da mai riƙe da kuɗi. Sakataren ilmi naɗa shi ake yi. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don ilmin farko, da sharaɗin jiha ta kawo nata rabon kafin ta ɗauka, an kuwa sha ganin kuɗin na kwance shekara da shekaru don jihohi ba su kawo ba. A 2025 makarantun firamare na gwamnati a yankin Abuja sun zauna a rufe fiye da wata uku, saboda rikicin albashi tsakanin malamai da majalisun yankin. 'Ya'yan wa suka zauna a gida, 'ya'yan wa kuma ba su rasa ko kwana ɗaya ba, kun fi ni sani. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, mutane da yawa sun yi murna da shi, ni ma na yi. Sai dai majalisar Prince Edward tana da cikakken iko a kan kuɗinta a 1959, da shi kuwa ta yi abin da ta yi.

Bari in koma Farmville in ƙarasa. Makarantar gidauniya ta karɓi baƙar fata na farko a 1986, bayan hukumar haraji ta janye mata rangwame, daga baya aka sake mata suna Fuqua, sunan attajirin da ya ba ta dala miliyan 10. A 2003 majalisar dokokin jiha ta bayyana nadama, gunduma kuma ta ba ɗaruruwan dattawa takardar shaidar gama sakandare ta girmamawa, mutanen da aka rufe wa ƙofa suna yara. A 2004 aka kafa asusun tallafin karatu dominsu, wanda ya fi kowa fafutukar kafa shi kuwa shi ne Ken Woodley, editan jaridar Farmville Herald, jaridar da a da ita ce kan gaba wajen kiran a rufe makarantun. Akwai waɗanda suka koma aji suna da shekara 50 da 'yan kai. Akwai kuma waɗanda suka ce an makara, suka ƙi. A 2008 Majalisar Gunduma da kanta ta amsa cewa abin da magabatanta suka yi kuskure ne. Tsohuwar makarantar Moton ta zama gidan tarihi. Barbara Johns ta rasu a 1991, ba ta ga yawancin waɗannan ba. A 2020 aka cire mutum-mutumin Janar Robert Lee, jagoran sojojin Kudu a yaƙin basasa, daga majalisar dokokin Amurka inda yake wakiltar Virginia, aka zaɓi nata ya maye gurbinsa.

Gundumar tana da firamare ɗaya, da makarantar tsakiya ɗaya, da sakandare ɗaya, ɗalibai duka wajen 2,000, da yawansu 'ya'yan talakawa. A 2022 sai ga Majalisar Gunduma, magajiyar waccan ta 1959, ta je Richmond, babban birnin jiha, tana roƙo a ba ta izinin tambayar jama'arta ko sun yarda a ƙara kashi 1 cikin 100 a kan harajin saye da sayarwa, domin a gyara makarantar firamare wadda rufinta ke yoyo har ana tara bokitai a cikin azuzuwa. A Virginia gunduma ba ta da ikon ƙirƙiro irin wannan haraji sai jiha ta yarda. Majalisar dokokin jiha ta ƙi a shekarar nan. A 2024 ta amince da dokar da za ta ba dukan gundumomi wannan izini, gwamna ya ƙi sa hannu.

Malam Shugaba, na ga ka ɗaga mini agogo sau biyu. A nan zan dakata, in saurari tambayoyi da gyare-gyaren malamaina.